Bitorino, Malamin Gidan Farin Ciki

A arewacin ƙasar Italiya akwai wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, ana ce da shi Feltire. A nan aka haifi Bitorino wajen shekara ta 1378. Mutanen ƙasarsa suna rubuta sunansa Vittorino da Feltre.

Iyayensa ba su da wadata. Da ya tasa, sai ya tafi birnin Paduwa neman ilmi. A can ya so ya koyi lissafi wurin wani shahararren malami, amma ba shi da kuɗin biya. Saboda haka ya zama baran malamin, yana yi masa aikin gida. Daga baya ya tafi Benis, ya koyi harshen Girka. Wannan wahala da ya sha bai taɓa mantawa da ita ba.

A shekara ta 1423 mai mulkin Mantuwa, Janfaranchesko Gonzaga, ya kira shi don ya koyar da 'ya'yansa. Aka ba shi wani gida mai kyau kusa da fada. Bitorino ya tarar yaran sun sangarce, sai ci da kwanciya. Ya sa aka kwashe kayan alatu, aka rage barori, aka koma abinci mai sauƙi. Ludobiko, babban ɗan mai mulkin, ƙiba ta yi masa yawa. Da kula da cimarsa da motsa jiki ya sami lafiya.

Makarantar ta yi suna da Gidan Farin Ciki. Ana koyar da harshen Latin da na Girka, da lissafi, da kiɗa, da addini. Ban da wannan kuma yara suna wasan ƙwallo, suna iyo, suna hawan doki, domin a ganinsa jiki da hankali tare su ke girma. A zamanin nan bulala ita ce abokiyar aikin yawancin malamai, amma shi da wuya ya doki yaro. Ƙanana ma da wasa ya ke koya musu haruffa.

Babban abin da ya yi shi ne ɗaukar 'ya'yan talakawa masu ƙwazo. Yakan ci da su, ya tufatar da su, ya zaunar da su tare da 'ya'yan sarakuna, ba bambanci. Albashinsa a kansu ya ke ƙarewa. 'Yan mata ma bai hana su ba: Sisiliya, 'yar mai mulkin, ta iya harshen Girka tun tana ƙarama.

Bitorino bai bar wani babban littafi ba. Almajiransa ne suka baza hanyarsa, har makarantu da yawa na Turai suka yi koyi da ita. Ɗaya daga cikinsu, Federiko, ya zama mai mulkin Urbino, ya sa aka zana hoton malaminsa a fadarsa. Bitorino ya rasu a Mantuwa a shekara ta 1446, bai bar dukiya ba.