Alphonse Bertillon: Akawun 'yan sandan da ya fara mayar da fuskar mutum lambobi

Miliyoyin mutane a yau ba sa danna lambar sirri kafin su buɗe wayarsu, kallonta kawai suke yi ta buɗe. Cikin wannan ƙiftawar ido wayar ke auna fuskar mai ita, ta mayar da awon lambobi, sannan ta gwada su da waɗanda ta adana tun farko.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta, balle wayar salula. Wanda ya fara aiki da ita a hukumance wani ƙaramin akawu ne a hedikwatar 'yan sandan birnin Paris na ƙasar Faransa, mai suna Alphonse Bertillon. Shi ne kuma ya tsara irin hoton nan da 'yan sanda ke ɗaukar wanda suka kama, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe.

Rayuwarsa ta nuna amfanin auna jikin mutum don a gane shi. Ta kuma nuna ɓarnar da ke biyo baya idan aka yarda da lissafin gwani ba tare da bincike ba, ko aka karkatar da awon zuwa kan mutanen da ba su yi laifin komai ba.

Ɗan gidan masana da ya kasa karatu

An haifi Bertillon a Paris a watan Afrilun 1853, a gidan da aka san shi da ƙididdiga. Mahaifinsa, Louis-Adolphe Bertillon, likita ne kuma masanin ƙididdigar jama'a. Wansa Jacques shi ne ya tsara jerin cututtukan da ke jawo mutuwa, jerin da ya zama tushen wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi a yau.

Shi kuwa Alphonse karatu bai karɓe shi ba. An kore shi daga makaranta, ya je Ingila ya ɗan yi koyarwa, ya dawo ya yi aikin soja. A watan Maris na 1879 mahaifinsa ya samar masa gurbin akawu a ofishin 'yan sanda. Aikinsa shi ne kwafe bayanan waɗanda aka kama a kan katuna, daga safe har yamma.

A nan ya ga matsalar da ta addabi hukuma. A da ana yi wa masu manyan laifuka lalas da ƙarfe mai zafi a kafaɗa, amma Faransa ta haramta hakan a 1832. Babu kuma katin shaida irin na yau. Don haka ɓarawon da aka taɓa ɗaurewa yana iya sauya suna, ya ce wannan ne karonsa na farko, ya samu sassauci. Katunan da Bertillon ke kwafewa cike suke da kwatance marar amfani, irin su matsakaicin tsayi da fuska ba wata alama. Hotuna kuma sun taru da yawa, amma babu hanyar lalubo na mutum guda idan ba a san sunansa na gaskiya ba.

Awo goma sha ɗaya

Bertillon ya taso yana ganin mahaifinsa da abokansa suna auna ƙasusuwa. Daga nan ya ɗauki darasi biyu: ƙashin mutum ba ya ƙara sauyawa sosai bayan ya kai shekara 20, kuma da wuya a samu mutum biyu da awonsu ya zo ɗaya a kowace gaɓa.

Sai ya fara auna fursunoni. Daga ƙarshe tsarin ya tsaya a kan awo 11, ciki har da tsayin mutum a tsaye da a zaune, gabansa wato faɗin hannuwa idan ya miƙe su, tsawon kai da faɗinsa, kunnen dama, ƙafar hagu, kamun hannun hagu, ɗan yatsan tsakiya da ƙaramin yatsa. A lissafinsa, yiwuwar mutum biyu su dace a duka awon bai wuce ɗaya cikin sama da miliyan huɗu ba.

Babbar hikimarsa ta fito ne wajen ajiya. Ya raba kowane awo gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. Da awo huɗu kacal, katuna sun rabu gida 81. Saboda haka idan an kawo mutum, babu buƙatar sanin sunansa. A auna shi, awon da kansa zai nuna durowar da katinsa yake ciki.

Da ya kai wa shugaban 'yan sandan Paris na lokacin, Louis Andrieux, rahotonsa a 1879, watsi aka yi da shi. Sai da aka sauya shugaba, Jean Camescasse ya ba shi wata uku na gwaji a ƙarshen 1882. Wa'adin na dab da cika, a watan Fabrairun 1883, aka kawo wani da ya ce sunansa Dupont. Awonsa ya dace da katin wani Martin da aka kama 'yan watanni kafin nan, kuma mutumin ya amsa cewa shi ne. A 1884 tsarin ya gano mutum 241 da suka taɓa shiga hannu.

Nasarar ta zo daidai lokacin da gwamnati ke nemanta. A 1885 Faransa ta kafa dokar kwashe masu maimaita laifi zuwa yankunan da take mulka masu nisa, irin su Guyana ta Faransa. Daga lokacin, awon kan mutum na iya zama sanadin raba shi da ƙasarsa har abada.

Suna ya zagaye duniya

A 1888 aka damƙa masa sashen ɗaukar hoto. Ya ƙayyade nisan kujera da kyamara da yanayin haske, domin hoton da aka ɗauka yau ya gwadu da na shekara goma masu zuwa. Ya dage sai an ɗauki hoton gefe saboda ya yi imanin cewa kunne da layin goshi da hanci ba sa sauyawa da gemu ko tsufa. Ya kuma ƙirƙiro wasu kalmomi na musamman na siffanta hanci da ido da kunne, ta yadda ɗan sanda zai iya aika kwatancen fuska ta wayar tangarahu.

A 1892 bama-bamai suka girgiza Paris, aka kama wani mai suna Ravachol. Awon Bertillon ya tabbatar da cewa shi ne Koenigstein, wanda ake nema kan kisan kai. Wannan ya ɗaga darajarsa ƙwarai. Aka ba shi lambar girma ta ƙasa, a 1893 kuma aka kafa sashen tantance masu laifi aka naɗa shi shugaba. Gidajen yari a Amurka da ƙasashen Turai da dama suka rungumi tsarinsa. Har a cikin wani littafin labarin Sherlock Holmes an ambace shi a matsayin gwanin gwanaye.

Shari'ar Dreyfus

A 1894 jami'an leƙen asirin Faransa suka samo wata takarda daga kwandon shara na ofishin jakadancin Jamus a Paris, wadda ke nuna cewa wani hafsan soja na sayar da sirrin ƙasa. Zargi ya faɗa kan Kyaftin Alfred Dreyfus, wanda Bayahude ne, a zamanin da ƙyamar Yahudawa ta yi ƙarfi a Faransa.

Bertillon ba masanin rubutun hannu ba ne, amma saboda sunansa aka kira shi. Ya ce rubutun Dreyfus ne. Da aka nuna masa inda rubutun ya saɓa da na kyaftin ɗin, sai ya ce ai da gangan Dreyfus ya jirkita rubutunsa domin ya samu mafita idan an kama shi. Wato inda rubutu ya dace hujja ne, inda ya saɓa ma hujja ne. Ya kawo zane-zane da lissafin da alƙalai suka kasa fahimta, amma suka girmama.

Kotun soji ta yanke wa Dreyfus ɗaurin rai da rai a watan Disambar 1894. Ya shafe sama da shekara huɗu a Tsibirin Shaiɗan, kusa da gaɓar Amurka ta Kudu. Ko da ta bayyana cewa wani hafsa mai suna Esterhazy ne ya rubuta takardar, Bertillon ya sake tsayawa kan bakansa a shari'a ta biyu a 1899. A 1904 manyan masana lissafi uku, Henri Poincaré da Gaston Darboux da Paul Appell, suka duba aikinsa suka ce ba shi da tushe. A 1906 kotun ƙoli ta wanke Dreyfus. Bertillon bai taɓa janye maganarsa ba.

Zanen yatsa ya karɓe fage

Tsarin awon ma yana da rauninsa. Sai an horar da ma'aikaci sosai, kuma idan jami'ai biyu suka auna kai ɗaya suna iya samun lambobi daban, kati ya faɗa durowar da ba tasa ba. Bai kuma yi aiki a kan yara da ba su gama girma ba.

Zanen yatsa ya fi sauƙi da araha. Ajantina ta kama mai kisan kai da shi a 1892, Turawan mulkin mallaka suka tsara shi a Indiya, 'yan sandan Landan suka koma kansa a 1901. Bertillon ya ƙara zanen yatsu a katunansa ba da son ransa ba, har a 1902 ya gano wani mai kisan kai da zanen da ya bari a jikin gilashi. Duk da haka ya ƙi yarda a jera katuna bisa yatsu.

Wannan taurin kai ya ja masa kunya a 1911, lokacin da aka sace shahararren zanen nan na Mona Lisa daga gidan tarihi na Louvre. Ɓarawon, Vincenzo Peruggia, ya bar zanen babban yatsansa, kuma yana da kati a ofishin Bertillon, amma ba a iya lalubo shi ba. Sai a ƙarshen 1913 aka kama shi a Italiya. Bertillon ya rasu ranar 13 ga Fabrairun 1914, kuma ba a daɗe ba ƙasashe suka jingine awon ƙashi.

Daga masu laifi zuwa kowa

Tun yana raye aka fara faɗaɗa aikin tsarinsa. A watan Yulin 1912 Faransa ta kafa dokar da ta tilasta wa masu yawo marasa matsuguni, galibinsu 'yan ƙabilar Roma, riƙe wani ɗan littafi mai ɗauke da awon jikinsu da zanen yatsu da hoton gaba da na gefe. Dokar ta shafi duk wanda ya kai shekara 13, kuma sai hukuma ta buga masa hatimi a kowane gari ya shiga ko zai fita. Babu laifin da aka tuhume su da shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dubbansu aka tsare a sansanoni. Sai a 1969 aka soke littafin.

Awon fuska kuwa ya dawo da ƙarfinsa bayan zuwan kwamfuta. A shekarun 1960 wani Ba'amurke, Woodrow Bledsoe, ya riƙa sa alama a kan ido da hanci da baki a hotuna, kwamfuta na lissafa tazarar da ke tsakaninsu. A 2017 kamfanin Apple ya fito da Face ID, wanda ke haska ɗigo sama da 30,000 a fuska don zana taswirarta. Kamfanin ya ce yiwuwar wani baƙo ya buɗe wayar ɗaya ne cikin miliyan, kuma awon na zama ne a cikin wayar, ba a tura shi ko'ina. Ya amsa cewa kariyar na raguwa tsakanin tagwaye da 'yan uwa masu kama da juna. Wasu wayoyi masu araha kuwa da kyamarar gaba kawai suke dogara, har hoto na iya yaudararsu.

Damuwar masu kare sirrin jama'a ta fi yawa kan fuskokin da ke fita daga waya. Kamfanin Clearview AI ya kwashi biliyoyin hotuna daga intanet ba da izinin masu su ba, yana sayar wa jami'an tsaro damar bincike a ciki, abin da ya sa hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 20 a 2022. A 2021 Facebook ya sanar da goge awon fuskar mutum sama da biliyan ɗaya bayan ƙorafe-ƙorafe da shari'a.

Kuskure irin na shari'ar Dreyfus ma bai ƙare ba. Binciken wata cibiyar gwamnatin Amurka a 2019 ya nuna cewa manhajoji da yawa sun fi yin kuskure a kan fuskokin 'yan Afirka da 'yan Asiya. A watan Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa bisa zargin satar agogo, saboda manhaja ta ce shi ne. Daga baya aka gane ba shi ba ne.

A Najeriya, ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu wajen rajistar NIN da BVN, kuma na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe da fuska ko yatsa a 2023. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a wannan shekarar ta sanya irin waɗannan bayanai cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Dalilin a fili yake: lambar sirri idan ta fita ana sauya ta, amma fuska ba ta sauyuwa.

Bertillon ya fara ne da niyyar gano ɓarawon da ya sauya suna. Cikin shekara 30 awonsa ya isa kan yara 'yan shekara 13 da ba su saci komai ba, sunansa kuma ya taimaka wajen ɗaure mutumin da bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa duk manhajar da ta nemi a nuna mata fuska, ya kamata mai waya ya san inda za a ajiye awon, wanda zai iya buɗe shi, tsawon lokacin da zai zauna, da kuma inda mutum zai kai kuka ranar da na'ura ta ce shi ne alhali ba shi ba ne.