Sardauna Ahmadu Bello Da Gwamnatin Haɗin Gwiwa

Mu mutanen Gusau da kewayenta, su Damba da Bunguɗu da Tsafe, muna da haƙƙin tunawa da Alhaji Sir Ahmadu Bello, gama a nan ya goge da aikin mulki. An haife shi a Rabah, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sa'an nan ya zama hakimin Rabah cikin 1934. A 1938 Sarkin Musulmi Abubakar ya naɗa shi Sardauna, aka turo shi Gusau ya duba gundumomin gabas na En'e ta Sakkwato. Ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.

Da aka yi zaɓen Tarayya na 1959, cikin kujeru 312 jam'iyyarsa ta NPC ta fi kowa, amma ba ta kai rabi ba. Tilas ta haɗa gwamnati da NCNC ta Dokta Azikiwe. Shi Sardauna ya ƙi zuwa Ikko, ya zauna Kaduna riƙe da linzamin jam'iyya, mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista.

To, ga yadda aka yi rabon. NPC ta riƙe tsaron ƙasa a hannun Muhammadu Ribaɗu, NCNC kuwa ta sami baitulmali a hannun Okotie-Eboh, daga baya ta ƙara da harkokin waje a hannun Jaja Wachuku. Kowane malamin En'e ya san mai riƙe da makullin baitulmali ba ƙaramin mutum ba ne.

Inda bakinsu ya zo ɗaya aiki ya yi sauri, kamar yanke Jihar Tsakiyar Yamma daga ƙasar abokiyar hamayyarsu Action Group a 1963. Inda suka saɓa kuwa, kowa ya ja nasa. Gwamnatin Tarayya ta ƙulla hulɗa da Isra'ila, amma Sardauna ya ƙi yarda taimakonta ya shigo Arewa, Ɓalewa kuma bai tilasta masa ba.

Ƙidayar jama'a ce ta tsinka igiyar, domin da yawan mutane ake raba kujerun majalisa. Ta 1963 ta ba Arewa fiye da rabin mutanen ƙasa, Firimiyan Gabas Dokta Okpara ya ƙi amincewa. Kafin zaɓen Disamba 1964 kowa ya sami sabon aboki, NPC ta jawo Akintola, NCNC ta koma wajen Action Group. Sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Allah ya jiƙansa.