Ernest Overton, Masanin da Ya Gano Ƙofar Ƙwayar Halitta

Duk majinyacin da aka sa wa maganin barci kafin tiyata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, yana cin gajiyar ilimin da Charles Ernest Overton ya taimaka wajen kafawa. An haife shi a Ingila a 1865, iyalinsa suka koma Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1882, inda ya sami digirin digirgir a ilimin tsirrai a 1889.

Tambayar da ta dame shi ita ce: me ya sa wasu sinadarai ke ratsa tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, wasu kuwa su tsaya a waje? Ya shafe shekaru yana gwada ɗaruruwan sinadarai a kan ƙwayoyin tsirrai, har ya lura cewa gwargwadon yadda abu ke narkewa cikin mai, gwargwadon saurin shigarsa. Daga nan ya yanke hukunci a 1899 cewa tantanin na maiƙo ne, alhali babu madubin da zai iya nuna shi a lokacin. Ya kuma fahimci cewa wasu abubuwan ba sa shiga da kansu, sai ƙwayar ta kashe ƙarfi ta jawo su.

Gwaje-gwajensa a kan talibambam suka haifar da littafinsa na 1901, wanda ya nuna ƙarfin maganin barci yana bin yadda yake narkewa cikin mai. Hans Meyer ya kai ga wannan sakamako ba tare da sun haɗa kai ba, shi ya sa ƙa'idar ke ɗauke da sunayensu biyu. A 1902, yana Wurzburg ta Jamus, ya gano tsokar kwaɗo ba ta motsi idan aka raba ta da sinadarin sodiyam. Sai bayan shekara 50 Hodgkin da Huxley suka warware yadda hakan ke faruwa, suka sami kyautar Nobel a 1963.

Overton ya zama farfesa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 1907, ya rasu a can a 1933 bai sami wannan kyauta ba. Ga masu tsara kasafin bincike, rayuwarsa shaida ce cewa aikin da ake gani kamar wasa da ganye da kwaɗi kan ɗauki shekara hamsin kafin ya biya, amma masu haɗa magunguna har yau suna auna narkewar sinadari cikin mai kafin su kai shi ga majinyaci.