Chano Pozo: Makaɗin da Har Yau Ake Gardama a Kansa

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan makon mun leƙa ƙasar Kuba. Masu sauraron kiɗan konga, doguwar gangar nan da ake bugawa da tafin hannu, sun daɗe suna jayayya kan wane ne gwanin gwanaye. Wasu su ce Mongo Santamaria, wasu Tata Guines, wasu kuma Candido Camero, wanda ya yi suna wajen kaɗa ganguna biyu ko uku a lokaci guda. Mu dai mun tsaya kan Chano Pozo.

An haifi Luciano Pozo Gonzalez a birnin Havana ran 7 ga Janairu 1915. Ya tashi a gidan haya na talakawa, uwa ta rasu tun yana ƙarami, ga shi da ƙiriniya, har sai da aka kai shi gidan horon yara a Guanajay. Da ya fito ya yi sayar da jarida, ya yi goge takalma, sannan ya shiga rawa da kiɗa a bukukuwan titi. Waƙarsa Blen Blen Blen ta zagaye Kuba. Ya kuma shiga ƙungiyar asiri ta Abakua, wadda tushenta ke wajen Kalaba, bayin da aka kwasa ne suka tafi da ita. Kenan kiɗan nasa ba baƙo ba ne ga Najeriya.

A 1947 yana New York, Mario Bauza ya haɗa shi da shahararren mabushin jaz, Dizzy Gillespie. Chano ba ya jin Turanci, Gillespie ba ya jin Sifaniyanci, kuma Chano bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Duk da haka, ran 29 ga Satumba suka hau dandalin Carnegie Hall, Chano yana kiɗa yana rera waƙoƙin gargajiya, jama'a suka saki baki. A Disamba suka ɗauki Manteca a faifai, daga nan konga ta samu kujera a jaz.

Masu ja da mu sukan ce waɗanda suka biyo baya sun fi shi sauri da salo. Gaskiya ne, amma ku duba kayan aikinsa: ganga ɗaya, fata kafe da ƙusa, sai an gasa ta a wuta kafin ta yi zaƙi. Ray Barretto ma yana soja a Jamus ya ji Manteca, abin da ya ja shi ga konga kenan.

Chano mutum ne mai zafin rai da son ado. A farkon Disamba 1948 wani ya harbe shi a wata mashaya a unguwar Harlem, bayan rigima kan cinikin tabar wiwi. Shekararsa 33, bai cika shekara biyu da haɗuwa da Gillespie ba. An mayar da gawarsa Havana, aka binne shi a maƙabartar Colon.