Cicely Williams (1893–1992): Likitar da Ta Fito da Sunan Kwashiyoko

An haifi Cicely Delphine Williams ranar 2 ga Disamba, 1893 a Jamaika. Ta karanci likitanci a Jami'ar Oxford da ke Ingila, ta kammala a 1923. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta tura ta Ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda ta yi aiki a asibitin yara na birnin Akara.

A can ta riƙa ganin yaran da aka yaye suna zuwa da kumburin ƙafafu, gashi ya yi ja, fata tana saɓewa, ga zawo, kuma da yawansu ba sa tashi. Ta lura cewa kokon masara zalla ake ɗura musu. Maimakon ta tsaya kan littattafan Turai, sai ta saurari matan ƙabilar Ga, waɗanda tuni suke da sunan ciwon: kwashiyoko, wato cutar da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda zuwan ƙaninsa. Wannan fahimta ta yi kusa da abin da Hausawa ke dangantawa da kwanika.

A 1933 ta bayyana ciwon a rubuce, a 1935 kuma ta yi amfani da sunan a mujallar Lancet. Wasu manyan likitocin Ingila sun musa, suka ce tsohuwar cutar felagira ce. Ita kuwa ta tsaya kan cewa abinci mai gina jiki ne ya yi ƙaranci, domin yaran da aka ba madara da wuri suna farfaɗowa.

An mayar da ita Malaya a 1936. A Singafo, cikin 1939, ta yi kakkausar suka ga masu tallar madarar gwangwani a madadin nonon uwa. Japanawa sun tsare ta daga 1942 zuwa 1945, ta sha yunwa da kanta. A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992.

Tamowa na nan har yau a Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ta'addancin 'yan bindiga ya raba manoma da gonakinsu. Kunun gero da ake haɗawa da gyaɗa da waken suya domin yaye yana bisa turbar da ta shimfiɗa. Aikinta ya kuma nuna wa manazarta harshe cewa sunayen da al'umma ke ba cututtuka taska ce ta ilimi da ta cancanci nazari.