Sa'adu Zungur: Mawaƙin da ya auna sarakuna da ma'aunin Shehu

An haifi Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur a Bauchi, a gidan malamai, inda ya haddace Alƙur'ani kuma ya ƙoshi da Larabci tun yana yaro. Daga nan ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye akasarin 'yan bokon farko na Arewa. A 1934 ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, a zamanin da ɗan Arewa a can abin nuni ne da yatsa.

Da ya dawo ya koyar da ilimin tsafta a Zariya, ya kuma kafa dandalin muhawara na matasa masu ilimi. Ciwon huhu ya mayar da shi gida, amma bai kwanta ba. A zauren tattaunawa na Bauchi ya zauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, suna tuhumar mulkin En'e a bainar jama'a. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, daga baya ya juya ga gina siyasar Arewa, kuma tunaninsa ya yi tasiri ainun a kan jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950.

Amma makaminsa mafi kaifi shi ne waƙa. A "Maraba da Soja" ya tarbi dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya mai da sadaukarwarsu hujjar neman 'yanci. A "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" kuwa, ya ɗauko jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka soma a 1804, ya ajiye shi gaban magadan daular. Sarakuna sun saba jin tarihi a bakin maroƙa yana ƙara musu kwarjini. Sa'adu ya mai da shi bashi a wuyansu: wanda ya gaji kujerar Shehu, dole ya gaji adalcinsa. Ya kuma tunatar da su makomar sarakunan Indiya, waɗanda mulki ya suɓuce musu bayan 'yancin ƙasar a 1947. Bai nemi a rushe sarauta ba, gyara ya nema tun kafin lokaci ya ƙure, ya kuma kira talakawa su nemi ilimi su farka.

Ya rasu a 1958, shekara biyu kafin 'yancin da ya yi wa fafutuka. A yau jami'ar jihar Bauchi na ɗauke da sunansa.

Yanzu da waƙoƙin siyasa suka cika da kirarin 'yan takara, matashin Kankiya ko na Kusada da ke jin su lokacin zaɓe yana da tambayar da Sa'adu ya bar masa gado: shin tarihin da mawaƙi ya ambata yana ɗaure shugaba ne, ko wanke shi yake yi?