Ruby Payne-Scott, Matar Auren Da Ta Saurari Rana

Mu mutanen Birnin Gwari mun san darajar waya. A ƙarshen shekarar 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a wannan yanki saboda 'yan bindigar da ke cikin daji, an yi makonni uwa ba ta jin muryar ɗanta da ke Kaduna. Tun daga nan na riƙa duban dogayen ƙarafan nan na waya da idon basira. A yau zan ba ku tarihin wata mace wadda ta yi aiki da eriya tun kafin a haifi iyayenmu.

An haifi Ruby Payne-Scott a garin Grafton na ƙasar Ostireliya ran 28 ga Mayu, 1912. Ta shiga Jami'ar Sidni a zamanin da mata ƙalilan ne ke karatun kimiyya, ta sami digirin farko a 1933, na biyu a 1936, kuma ta haɗa da takardar koyarwa a 1938. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta ɗauke ta aikin rada, watau na'urar da ke gano jirgin sama tun yana nesa.

Da yaƙi ya ƙare, ita da abokan aikinta, Joseph Pawsey da Lindsay McCready, suka juya eriyar rada wajen rana, domin an gano rana ma tana aiko da igiyoyin rediyo. Tambayar ita ce, daga wane gefen rana suke fitowa? Eriya guda ba ta iya faɗa. Sai suka yi amfani da wata eriya da ke bisa wani tsauni a bakin teku, a Dover Heights. Da hudowar rana igiya ɗaya takan zo kai tsaye, wata kuwa sai ta bugi ruwa ta dawo, ta iso a makare kaɗan. Wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Ka ga teku ya zama kamar eriya ta biyu ke nan. Da wannan dabara, a farkon 1946, suka nuna cewa ƙarar tana fitowa ne daga wajen baƙaƙen tabon da ke jikin rana.

Ga misali mai sauƙi. In yaro ya kira ki daga bayan ɗaki, kunnen da ya fi kusa shi ke fara ji, da haka kike sanin inda yake. To, haka eriya take: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sababbin na'urorin 5G, wanda ya shigo Nijeriya a 2022, akwati guda yakan ƙunshi ƙananan eriya masu yawa, da hanyoyin aikawa 32 ko 64. Suna lissafin wannan ɗan bambancin lokaci, su auna saƙo sosai wajen wayar da ake nufi, maimakon su watsa shi ko'ina. Saboda haka mutane da yawa ke magana a lokaci guda ba tare da layi ya cushe ba. Wasu masana ne daga baya suka ƙera wannan, amma ilmin haɗuwar igiyoyi ɗaya ne da wanda Ruby ta yi aiki da shi.

Sai dai akwai abin baƙin ciki. Dokar aikin gwamnatin ƙasarsu a lokacin ta hana matar aure riƙe aiki na dindindin. Ruby ta yi aure a 1944, ta ɓoye wa hukumar wurin aikinta. Da maganar ta fito a 1950, aka mai da ita ma'aikaciyar wucin gadi, ta rasa haƙƙinta na fansho. A 1951, da haihuwarta ta farko ta matso, ga shi babu hutun haihuwa, sai ta ajiye aiki tana da shekara 39. Ba a soke dokar ba sai 1966.

Duk da haka ba ta zauna haka nan ba. Ta reni 'ya'yanta biyu. Namijin ya zama shehun malamin lissafi, macen kuwa ta yi suna wajen zane da sassaƙa. Daga 1963 zuwa 1974 ta koyar da lissafi da kimiyya a makarantar 'yan mata ta Danebank. Ta rasu ran 25 ga Mayu, 1981.

'Yan'uwa, ba rashin ƙwaƙwalwa ya fitar da Ruby daga ɗakin bincike ba, doka ce. Mu a nan babu dokar da ta ce matar aure ta ajiye littafi, amma sau nawa ake cire yarinya daga aji saboda an sa ranar aurenta? Iyaye mata, a sa maganar ci gaba da karatu cikin abin da za a daidaita tun kafin a karɓi sadaki. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku guje wa lissafi. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.